Yadda Ake Haɗa Abin Wuya da 'Yan Kunne Daga Tsofaffin Kuɗi da Duwatsun Kaka

A gidaje da yawa akwai wani gwangwani ko 'yar kumbo a ƙasan adudun tsohuwa, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da ake neman allura ko maɓalli. Idan aka juye shi a kan faifai, abin da ke zubowa kusan iri ɗaya ne ko'ina: kwabo mai huji guda biyu ko uku, anini, ɗan kunne ƙwaya ɗaya wanda ɗan'uwansa ya ɓata tun wani biki, duwatsun tsakiya da zarensu ya tsinke, wuri, guntun jigida, da makullin akwatin da shi kansa akwatin ya daɗe da zama tarihi. Daga irin waɗannan tarkace ake haɗa abin wuya, abin hannu ko 'yan kunne waɗanda ba za a ga irinsu a wuyan kowa ba. Aikin ba ya buƙatar zugazugi ko wutar maƙera, kuma mai haƙuri zai iya koyonsa a ɗakinsa. Sai dai akwai ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: duk abin da ba ya gyaruwa bayan an yi shi, wato huji, yanka da goge tsufa, shi ake bari ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma yin sa. Sabon dutse idan ya fashe sai a koma kasuwa a sayo wani, amma murjanin da aka yi shekara tamanin ana ajiya ba shi da madadi.

Inda ake samo kayan

Gida ne wuri na farko, amma da izini. Kayan tsohuwar da ke raye nata ne, kuma sau da yawa tambayar ma riba ce, domin ita ce za ta faɗi wane dutse aka sa mata a lefe, wane ne kuma tsarabar Makka. Idan ta rasu, kayan sun shiga gado, sai an nemi yardar magada ko da abin bai kai ya kawo ba a ido. Haka nan abin da aka tsinta a hanya: idan mai daraja ne, hukuncin tsintuwa a shari'a shi ne a yi cigiya har shekara guda, ba a kai shi kan teburin aiki washegari ba.

Bayan gida sai kasuwa. 'Yan kolin Kasuwar Kurmi a Kano, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, suna da tsofaffin duwatsu da kuɗi, kuma galibi na ƙwarai ba a shimfiɗe suke a gaba ba, sai an zauna an yi hira sannan a jawo leda daga ƙarƙashin benci. Panteka a Kaduna da Katako a Yamai wuraren tsofaffin ƙarafa ne, inda ake samun makullai, cokula da guntayen tagulla. Mai gyaran agogo yana da gwangwanin ƙananan haƙora da murafen da ba zai ƙara amfani da su ba, mai gyaran fanka da injin kuma yana da tsohuwar wayar jan ƙarfe da ya warware daga nadi, wadda ita ce rabin jarin wannan sana'a. Dillaliya ma, idan ta san abin da ake nema, takan kawo abin da ba zai taɓa fitowa kasuwa ba.

Akwai abubuwan da ake bari inda aka gan su. Tsohuwar laya ko kambu, komai kyan ɗinkin fatarsu, akwai rubutu a ciki, ba a farke su don ado. Hauren giwa an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Abin da aka tono daga kufai ko tsohon kabari kuwa yana ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta Najeriya ta 1979, wadda ta ɗauki aikin hannun 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta kuma hana fita da shi ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Kwanson harsashi da duk wani ƙarfe da ya yi kama da kayan yaƙi, a yi nesa da shi.

Sanin abin da ke hannu

Kafin ruwa ya taɓa komai, a baza kayan a kan farin ƙyalle a wuri mai haske, a ware su: kuɗi gefe, duwatsu gefe, abin da ya fito daga ruwa kamar wuri da murjani gefe, sauran ƙarafa gefe. Dalili shi ne abin da ke wanke wani shi ne ke cinye wani.

Tsofaffin kuɗi sun fi komai sauƙin ganewa, tunda shekararsu na jikinsu. Turawan mulki sun fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya a 1907, daga baya aka ƙara sisin kwabo. Ba su da hoton sarki, sai kambi da sunansa a fuska ɗaya, da tauraro mai tsini shida a ɗaya fuskar, kuma an rubuta darajarsu da haruffan Larabci. Aninin farko na 1907 da wasu na 1908 da goran ruwa, wato alminiyom, aka yi su, shi ya sa ba su da nauyi ko kaɗan, kuma da yake sun riƙa lalacewa da wuri sai aka koma wa gaurayen jan ƙarfe da nikel, wanda ke da fari kamar azurfa alhali ba ita ba ce. Daga 1952 aka koma buga kwabo da tagulla mai duhu, kuma kwabon Tarayyar Najeriya na 1959 shi ma mai huji ne da tauraro. Wanda ya ci karo da na 1936 ya duba sunan da ke jiki, domin akwai masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus. Sule da fataka kuwa, masu hoton bishiyar kwakwa, na azurfa ne daga 1913 zuwa wajen 1920, lokacin da tsadar azurfa bayan Yaƙin Duniya na Farko ta sa aka koma wa tagulla mai ruwan ɗorawa. Duk waɗannan sun daina aiki, na ƙarshensu bayan shigowar naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu 1973. Kuɗin da ke aiki yanzu hukuncinsu daban ne: sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana huda su ko ɓata su, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun.

Wani lokaci akan dace da liyari, babban kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗi mutum, domin a shekarar ta mutu, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekarar suke ɗauke da ita. Nauyinsa giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Lokacin da Barth, Bajamushe matafiyi, ya zo Kano a 1851, irin wannan kuɗi ana canza shi wuri 2,500. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage maƙeran fari sun riga sun liƙa musu hannun rataya, domin mata sun daɗe suna ado da su, saboda haka aiki ya zo da sauƙi.

Duwatsu sun fi wuyar sha'ani, kuma a nan ne ɗan koli ke gane baƙo. Dutse na gaske irin su aƙiƙ da tsakiya yana da sanyi idan aka ɗora shi a kunci, yana da nauyi, kuma bakin wuƙa ba ya karce shi. Aƙiƙin da ya cika ƙasar Hausa daga Kambe ta Indiya ya fara zuwa, daga baya garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga cinikin, sannan masana'antun gilashi na ƙasar Cek suka riƙa kwaikwayonsa, har da talhatana. Na gilashi ana gane shi da 'yan ƙananan kumfa a ciki idan aka ɗaga shi ga rana, ko da siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu. Masu zanen furanni kala-kala daga Fenis ta Italiya suke. Akwai kuma na kusa da gida: Masagan Bida suna narkar da kwalabe su yi duwatsu da awarwaro, mutanen Kurobo a Gana kuma suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu da karan rogo a tsakiya, su gasa, karan ya ƙone ya bar huji. Na Kurobo ana gane su da kaushi-kaushi kamar yashi. Wannan ya nuna cewa mayar da abin da aka yar ya zama ado ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Murjani na gaske yana da siraran layuka a jikinsa da ɗan bambancin launi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, na roba kuwa duk kansu ɗaya, ba nauyi, ba sanyi. A ganina dutsen gilashin da ya tsufa ba abin rainawa ba ne, matuƙar an san gilashi ne, kuma an saye shi a farashin gilashi.

Ga ƙarafa, maganaɗisu ne ɗan jagora: azurfa, jan ƙarfe da tagulla ba sa binsa, abin da ya manne masa kuwa baƙin ƙarfe ne ko da an yi masa ruwan zinariya, kuma zai yi tsatsa. Lambar 925 a jikin abu alamar azurfa ce. Wanda ya fi muhimmanci a gane shi ne dalma: tana da nauyi, tana da taushi har farce na iya karce ta, kuma idan aka goga ta a takarda tana barin layi toka-toka. Ba a sa ta a ado, ba a goge ta da magagari, ba a barin ta inda yara suke. Abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ya isa gargaɗi. Tsofaffin makullan tagulla ma sukan ƙunshi 'yar dalma, don haka ba a sa su a abin da yaro zai kai baki. Fuskar tsohon agogo mai lambobin da ke haske cikin duhu ita ma a bar ta, domin har zuwa shekarun 1960 ana amfani da fentin da ke ɗauke da sinadarin radiyam.

Wanki

Ruwan ɗumi, ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun isa kashi tara cikin goma na aikin. A wanke, a ɗauraye, a shanya a inuwa har cikin hujin ya bushe, domin danshin da ya maƙale a huji shi ke ruɓar da zare. Dattin cikin huji ana fitar da shi da tsinken sakace, ba da allura ba.

Jan ƙarfe da tagulla da suka yi koren tsatsa ana jiƙa su cikin ruwan tsamiya ko lemon tsami da ɗan gishiri na minti biyar zuwa goma, a goge, a ɗauraye sosai, a tsane nan take. Koren ne kawai ake son cirewa, domin yana ci gaba da cin ƙarfen kuma yana ɓata tufafi. Duhun tsufa mai launin ƙasa kuwa shi ne kyan abin, shi ne ke fito da rubutu da tauraro, kuma kwabon da aka goge har ya yi ƙyalli ya zama kamar wanda aka buga jiya, darajarsa ma ta faɗi a wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Azurfar da ta yi baƙi ana shimfiɗa takardar goran ruwa ta naɗe abinci a kwano, a ɗora ta a kai, a zuba ruwan zafi da aka narkar da kanwa a ciki, cikin 'yan mintoci baƙin zai koma jikin takardar. Aninin goran ruwa kada ya shiga wannan kwano, domin kanwa na cin goran ruwa.

Wuri, murjani da lu'ulu'u ba sa shiri da tsami ko kaɗan, domin asalinsu ɗaya da alli. Wannan darasi da tsada na saye shi. A farkon koyona na zuba kwabbai cikin ruwan tsamiya, na ga akwai sauran wuri a kwanon, sai na haɗa da murjani bakwai na kakata, na tafi sallar la'asar. Da na dawo na ga 'yan ƙananan kumfa sun lulluɓe su. Na tsame su da sauri na ɗauraye, suna jiƙe ja wur kamar ba abin da ya faru, amma da suka bushe sai suka yi fari-fari da kaushi kamar an barbaɗa musu gari. Garin neman gira na rasa ido. Na shafa musu man zaitun launin ya ɗan dawo, santsin da wuyanta ya yi shekaru yana ba su kuwa bai dawo ba. Irin waɗannan, ƙyalle mai ɗan danshi kawai ake goga musu.

Kayan aiki da waya

Filaya biyu masu siririn baki, ɗaya mai zagayayyen baki don lanƙwasa ƙawanya, abin yanka waya, ƙaramin magagari, samfefa mai laushi, ƙaramar guduma, basilla, almakashi, kakin zuma da zaren ɗinkin takalmi na nailan. Ƙasan tsohon dutsen guga na gawayi yana maye gurbin uwar maƙera. Idan bakin filaya yana da haƙora, a naɗe shi da salatif don kada ya bar tabo.

Wayar nadin fanka ko injin tana da siririn fenti a jikinta. Ana iya barinsa, tunda yana hana ta yin kore, ko a goge shi da samfefa idan ana son jan ƙarfen ya fito. Mai kaurin milimita 0.8 ita ce ta rataye kuɗi da haɗa duwatsu, milimita 1 ta ƙananan ƙawanyoyi, milimita 1.2 ta ƙugiya. Jan ƙarfe yana taurara idan ana yawan lanƙwasa shi har ya kai ga karyewa. Maganinsa a gasa shi a garwashi, a waje saboda hayaƙin fentin, har ya yi ja kaɗan, a tsoma a ruwa, zai dawo da taushi kamar igiya.

Ƙananan ƙawanyoyi kuwa, a naɗa waya a jikin ƙusa mai kaurin milimita 4 ko 5, zagaye kusa da zagaye, a zare ƙusar, a yanka nadin a layi ɗaya. Wajen buɗe su ana kama kowane baki da filaya, a murɗa ɗaya gaba ɗaya baya. Idan aka ja su hagu da dama, zagayen ya lalace ke nan, bakin ba zai ƙara haɗuwa daidai ba.

Haɗa abin wuyan

A fara da auna wuya da zare. Santimita 45 yana sauka daidai ƙashin wuya, 50 zuwa 55 kuma ya fi dacewa da riga mai faɗin wuya ko abin da ake so ya fito a kan tufafi. A shimfiɗa tawul, domin kada duwatsu su gangara, a jera kayan a kai yadda za su zauna a wuya. Abin da ya fi girma da nauyi shi ne a tsakiya, a ce kwabo ɗaya ko liyari, sannan a bi da ƙanana zuwa gefe. Kuɗi sun fi kyau idan adadinsu mara ne, ɗaya, uku ko biyar. Ba dole ne hagu ya yi kama da dama ba, kuma da tsofaffin kaya da wuya ma a samu biyu iri ɗaya, amma dole nauyin ɓangarorin ya yi daidai, in ba haka ba abin wuyan zai riƙa juyawa har ƙugiya ta dawo gaba. Launi biyu ko uku sun isa. Jan aƙiƙ da duhun tagulla da baƙar jigida suna tafiya tare, fararen kwabbai kuma sun fi son shuɗin dutsen Bida. Kuskuren mai koyo shi ne son zuba duk abin da ya tara a abu ɗaya, har ya fito kamar tallar ɗan koli. Idan an gama jerawa a ɗauki hoto da waya, a bar shi ya kwana, domin da safe ido kan ga abin da ya yi yawa.

Albarkar kwabo da anini ita ce sun zo da hujinsu, ba sai an taɓa su ba. Hanya mafi sauƙi ta rataye su ita ce da siririyar tsirkiyar fata irin ta dukawa: a ninka ta biyu, a tura ninkin ta cikin hujin, a zura bakunan biyu ta cikin ninkin, a ja ya kama gefen kwabon. Idan da waya ake so, a yanki santimita 12, a zura ta hujin, a ɗago bakunan biyu su haɗu a saman gefen kwabon, a lanƙwasa ɗaya a kan filaya mai zagayayyen baki ya zama ƙawanya, a naɗe gindinta da ɗayan sau uku, a yanke saura, a danne tsinin. A bar ɗan sarari don kwabon ya riƙa motsi, kada wayar ta cije shi. Abin lura shi ne fuskar ƙawanyar: idan ana kallon fuskar kwabon, gefen ƙawanyar ya kamata a gani, ba bakinta ba, ta yadda zare zai ratsa ta daga hagu zuwa dama. Idan aka kuskure wannan, kwabon zai riƙa zama a karkace a ƙirji.

Ga abin wuya na santimita 45, a yanki zare mita biyu, a ninka shi biyu, a ja shi a kan kakin zuma sau uku. A fara zurawa daga tsakiya zuwa gefe, domin a iya gyara tsawon kowane ɓangare. Tsakanin kowane dutse mai daraja da na kusa da shi ana yin ƙulli, saboda dalili biyu: duwatsun ba za su riƙa gogar juna ba, kuma ranar da zare ya tsinke a tsakiyar taron biki, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi, ba duka ba. Yadda ake sa ƙullin ya zauna daf da dutse shi ne a yi shi sako-sako, a sa basilla a cikinsa, a tura shi da ita har ya manne, sannan a zare basillar a ƙarasa ja. Tsofaffin duwatsu sau da yawa hujinsu ya faɗaɗa har ƙulli na shigewa ciki, sai a tare kowane gefe da ƙaramin dutse ko ƙwayar jigida. Wanda bakin hujinsa ya ɓantare yana da kaifin da zai yanke zare cikin wata guda, don haka a naɗa samfefa kamar tsinke, a jiƙa, a murza a bakin hujin a hankali. Wannan ne kaɗai gyaran da nake yarda a yi wa tsohon dutse.

Ƙugiya ana yin ta da waya mai kauri santimita 6, a lanƙwasa bakunan ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar wuyan agwagwa, a goge tsinin da magagari, sannan a bubbuga lanƙwasar a kan dutsen guga. Bugun yana baje ta kuma yana taurara ta yadda ba za ta buɗe da nauyi ba. Tsohon maɓallin tagulla ma yana yin wannan aiki, a ɗaure shi a baki ɗaya, a yi masa hancin zare a ɗaya bakin daidai girmansa. A ƙulla ƙarshen sau biyu, a mayar da sauran zaren ta cikin duwatsu biyu, a yanke, a taɓa bakin da wutar ashana ya narke. Kafin ƙullin ƙarshe a lanƙwasa abin wuyan ya yi zagaye, domin idan aka ɗaure shi a miƙe zai yi tauri kamar sanda idan an sa.

Idan huji ya zama dole

Makullai da maɓallai suna da hujinsu. Hannun tsohon cokali, murfin agogo ko guntun farantin tagulla su ne ke buƙatar sabo. A sa alama, a buga ƙusa sau ɗaya don bakin injin huji ya samu wurin zama, a ɗora abin a kan katako a danne shi sosai, a ɗiga mai, a huda da baki mai kaurin milimita 1.5 ba tare da gaggawa ba, a bar aƙalla milimita 2 tsakanin huji da gefe. Sule da fataka na azurfa kuwa ban ba da shawarar huda su ba. Gara a kai wa maƙerin fari ya yi musu zobe da zai kewaye gefensu ya riƙe su, ko baduku ya yi musu gidan fata.

Wuri ana goga bayansa a kan dutse da ruwa har ya buɗe, kamar yadda aka saba tun da. Fasasshen tangaran mai zanen fure yana yin abin rataya mai kyau: a goge gefensa a kan dutsen wasa wuƙa da ruwa har kaifin ya mutu, sannan a naɗe shi da waya ko a huda shi da baki mai ƙurar daimon, yana nutse cikin ɗan ruwa, da injin batir, ba na wutar lantarki ba. Gilashi da tangaran ba a taɓa goge su a bushe, saboda ƙurarsu na illata huhu, kuma a sa tabarau.

'Yan kunne da abin da ya rage

Anini ne ya dace da kunne, tunda bai kai giram 2 ba, alhali tsohon farin kwabo ya haura giram 9, nauyin da zai ja fatar kunne kafin a tashi daga biki. A rataye aninin da waya kamar yadda aka bayyana, a ɗora ƙaramin dutse ɗaya a samansa. Ƙugiyar da ke shiga kunne ita kaɗai ce ba a yi da tsohon abu. A sayi sabuwa ta azurfa ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin nikel na sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje. Ɗan kunnen da ya rasa ɗan'uwansa kuwa, a cire masa ƙugiya a sa ƙawanya, ya zama abin rataya a sarƙa.

Jan ƙarfe da tagulla idan sun haɗu da gumi sukan bar kore a fata. Yana fita da sabulu, kuma ana rage shi ta hanyar shafa kakin zuma ko jan farce marar launi a bayan abin, inda yake taɓa jiki. A riƙa sa turare da humra su bushe kafin a ɗaura abin wuya, a cire shi kafin wanka, a ajiye kowanne a jakarsa ta yadi. Ba a ɗaure azurfa da robar ɗaure kuɗi, domin tana sa ta baƙi. Mai niyyar sayarwa ya faɗa wa mai saye wane dutse ne tsoho, wane ne sabon da aka cike gurbi da shi, ya kuma haɗa da 'yar takarda mai ɗauke da shekarar kuɗin da inda aka samo duwatsun. Sau ɗaya a shekara a duba zaren kusa da ƙugiya da kuma gefen abin da ke tsakiya, wuraren da nauyi ya fi ci. Idan an ga ya fara gashi, ko sarari ya buɗe tsakanin ƙulli da dutse, a yanke shi a kan tawul a sake zurawa da sabo.